Cigiyar Tsohon Firam a Ƙasar Anka

A 1999 kamfanin Raleigh ya daina ƙera firam ɗin keke a birnin Nottingham na ƙasar Ingila. Bayan shekara uku, a 2002, ya daina harhaɗa keken ma gaba ɗaya a can, aka sallami ma'aikata, aka rushe gine-gine. Yau ɗaliban Jami'ar Nottingham ne ke kai da kawowa a filin. Labarin bai dami kowa ba a ƙauyen Abare na ƙasar Anka, kuma babu dalilin da zai sa ya dama. Sai dai duk wanda ya ɗan zauna a rumfar mai gyaran keke a Anka, ko Gummi, ko Nasarawar Burkullu ta ƙasar Bukkuyum, ba zai daɗe ba zai ji wani ya yi sallama, ya gaisa, ya tambayi gida da aiki, sannan ya sassauta murya ya ce ko an samo masa abin nan da ya bar sallahu. Abin nan kuwa tsohon firam ne, ƙirar wancan gida da aka rushe.

Firam shi ne abin da ya rage idan aka tuɓe keke tsaf, aka cire tayoyi da kai da sirdi da sarƙa da feda: bututai takwas na ƙarfe da aka haɗa, tara idan mai sanda biyu ne. A ido ba abin sha'awa ba ne. Sau da yawa fentinsa ya koɗe, tsatsa ta ɗan taɓa shi, an rataye shi a reshen dalbejiya ko an jingine shi bayan rumbu shekara da shekaru. Duk da haka akwai magidantan da za su ƙetare sabon keke fil a leda, mai ƙyalli da ƙararrawa, su biya kuɗi mai kauri a kan wannan ƙwarangwal, sannan su sake kashe wasu wajen tufatar da shi.

Dalilin yana cikin aikin da keke ke yi a wannan yanki. A Abuja mai keke motsa jiki yake yi. A Abare da Dareta da Sunke da Bagega keke ɗan dako ne. Shi ke kai buhun gero ko dawa kasuwa, shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko itace da harawa. Jarka huɗu ta ruwa, kowace lita 25, kilo 100 ke nan cif, ban da mai tuƙi. Hanyoyin da ke tsakanin ƙauyukan kuwa mafi yawansu ba su san kwalta ba: yashi da rani, laka da zaizaya da damina, ga marmara mai kaɗa haƙora. Keken da zai yi wannan bauta kullum, firam ɗinsa ake dubawa. Sauran kayan duk masu ƙarewa ne, ana saye ana sauyawa.

Fasalin keken da aka sani yau, tayoyi biyu masu girma ɗaya da sarƙa mai juya ta baya, ya kankama ne a 1885, lokacin da John Kemp Starley ya fito da keken Rover a garin Coventry. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi tayar da ake hura wa iska. A daidai wannan tsakani ne wani attajiri, Frank Bowden, ya sayi ɗan shagon ƙera kekuna da ke kan titin Raleigh a Nottingham. Sunan titin ya zama sunan kamfani, kan zalɓe ya zama tambarinsa.

Kafin keke ya yawaita a ƙasar Zamfara sai da jirgin ƙasa ya share masa hanya. Dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929, kuma don auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi. Gusau ta zama garin kanti, kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka kafa sikelin awo, aka kafa injin gurzar auduga. Taragon da ya tafi da amfanin gona ba ya dawowa wayam. Yana dawowa da atamfa da gishiri da kananzir da kwanon rufi, da keken ɗinki, da keken hawa a cikin akwatunan katako. Anka da Gummi da Bukkuyum ba su ga dogo ba, amma audugarsu da gyaɗarsu sun bi jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, zuwa Gusau, kuɗin kuma suka biyo sawu suka dawo.

Waɗanda suka fara hawa ba talakawa ba ne. Ma'aikatan En'e ta Sakkwato ne, wadda gundumomin nan uku ke ƙarƙashinta a lokacin: malamin haraji, malamin gona, malamin daji, malamin asibiti, masinja, sai malaman elemantare da dillalan kamfani. Hakimi da fadawansa suna nan kan doki, sarauta ba ta sauka ba. Amma doki sai da dawa da harawa da mai yanko ciyawa, keke kuwa iska da ɗan giris, saboda haka manomin da kaka ta yi masa kyau shekara biyu a jere ya fara lissafi. Har lasin ake yankar wa keke a lokacin, a biya En'e, a ba mutum 'yar lamba ya maƙala, ɗan doka na iya tare shi a bakin kasuwa ya nemi gani. Sana'a biyu suka tsiro daga nan, gyara da haya. Da yawa daga dattawan yau a wurin mai haya suka koyi hawa, da ladan aike, ƙafa ɗaya zure ta ƙarƙashin sanda don tsawonsu bai kai sirdi ba, mai keke na zaune yana auna lokaci da inuwa.

Keken wancan zamani kusan iri ɗaya ne, kowane suna aka buga masa. Baƙi ne da siririn layi mai ruwan zinariya, taya mai inci 28, birkin sanda wanda ƙarfe ne tun daga hannu har rim, babu wayar da za ta tsinke. Sufok 32 a gaba, 40 a baya inda nauyi yake. Sirdin fata mai sifirin, gidan sarƙa rufaffe, fitila mai samun wuta daga ɗan injin da ke gogar taya. Nauyinsa wajen kilo 20. Masu shi sukan bar takardar da aka naɗo shi da ita daga kanti, ko su nannaɗe bututan da leda mai launi, su ƙara madubi biyu da geza a hannu. Don ado aka yi da gudun ƙarzuwa, sai ga shi wannan naɗi ne ya ceci fentin firam da yawa da ake samu yau.

Sunaye kuwa barkatai: Raleigh, Humber, Rudge, Hercules, Phillips, BSA, kowanne da masoyansa masu rantsuwa nasu ya fi. Abin dariyar shi ne musun ya daɗe da zama na 'yan ɗaki ɗaya. Raleigh ya sayi Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekuna na BSA a 1957. A 1960 kuma Tube Investments, mai Hercules da Phillips, ya sayi Raleigh ɗin kansa, ya damƙa masa ragamar dukkan kekunansa. Ke nan mutum biyu da ke ɗaga jijiyar wuya a gindin bishiya, ɗaya na yabon Humber ɗaya na yabon Rudge, ba mamaki firam ɗinsu layi ɗaya ya biyo. Abin da aka bar wa kowa shi ne alamarsa: Humber da fok mai bututu bibbiyu, Rudge da hoton tafin hannu.

Kamfanin ya san darajar kasuwar Afirka. Tallarsa da ta fi shahara hoton mutum ne a kan Raleigh yana murmushi, zaki na bin sa a guje bai cim masa ba. Najeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsa a duniya, har ta kai ba a tsaya ga shigo da shi a akwati ba: an yi wurin harhaɗa kekuna a Zariya, Raleigh kuma ya kafa masana'anta a Kano. Shi ya sa tsofaffin firam masu tambarin zalɓe ba uwa ɗaya ta haife su ba. Akwai ɗan Ingila, akwai ɗan Kano, ko da yake a bakin dillali kowanne ɗan Ingila ne.

Shekarun 1970 su ne ganiyar keke, su ne kuma farkon gangarawarsa. Kuɗin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975 sun sa malamin makaranta ya ajiye keke ya sayi Honda ko Suzuki ko Vespa. Keken ya wuce ƙauye wurin ƙane ko ɗan'uwa, abin da ya yi wa su Abare daɗi. Amma a daidai lokacin, farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya amfanin gonar da ke sayen keke. Sai farashin ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Shagari ta tsuke shigo da kaya a 1982, masana'antun da suka dogara da kayan haɗi daga waje suka koma aiki rabi da rabi. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, ta saki naira, ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1987 ta kai wajen naira 4, ba ta kuma sake waiwayowa ba. Keken da ake biyan kayansa da fam ɗin Ingila ya fi ƙarfin manomi. Masana'antar Kano ta yi ta jan ƙafa har ta yi shiru, tare da wasu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Gurbin da aka bari, Sin da Indiya suka cike shi: Phoenix daga Shanghai, Hero da Avon daga Ludhiana. Su ma ba baƙin fasali ba ne, kwaikwayon keken Ingila ne tun daga tayar inci 28 har birkin sanda. Na farkon da suka zo ba su da laifi, tsohon Phoenix ma yanzu ba abin rainawa ba ne a rumfar gyara. Matsalar ta zo daga baya, da naira ta ƙara taɓarɓarewa, ɗan kasuwa ya riƙa zuwa masana'anta da farashi a hannu, ya ce a yi masa keken da zai shiga wannan kuɗi. Mai ƙira ba ya asara. Sai ya rage kaurin bututu, ya rage tagullar haɗi, ya rage fenti. Masu cewa Sinawa ba su iya keke ba sun yi musu ƙazafi, don su ne ke ƙera mafi yawan kekunan duniya, har da na tsere masu tsadar dubban daloli. Abin da aka biya shi ake aikowa.

Bambancin da masu gyara ke nunawa da yatsa yana mahaɗa. A tsohuwar ƙira akwai ɗan kwaroron ƙarfe mai baki biyu ko fiye, a zura bututan a ciki, a gasa wurin, a narka tagulla ta bi ta cike tsakaninsu. Idan an yi aikin da kyau mahaɗar ninki biyu ce, nauyi ya bazu maimakon ya taru a layi guda. In bututu ɗaya ya lalace, mai walda da wutar gas zai iya gasa wurin, ya zare shi, ya sa wani. In firam ya ɗan karkace, ƙarfe ne mai haƙuri, ana taka shi a miƙe shi da sanyinsa. Ƙarfen kansa ba na sihiri ba ne. Kekunan dako na Raleigh da ƙarfe na gama-gari aka yi su, ba irin Reynolds 531 da ake yi wa kekunan tsere tun 1935 ba. Kauri ne da kyawun haɗi, sai kuma taimakon yanayi: ƙasar da ke yin wata shida zuwa bakwai babu ruwan sama ba ta cin ƙarfe yadda Fatakwal ke ci.

Cinikin tsohon firam kamar cinikin jaki ne, ba a sauraron mai sayarwa, jikin abin ake karantawa. Mai saye da ya san abin da yake yi da mai gyaransa yake zuwa. Shi kuwa sai ya ɗaga firam ɗin da hannu ɗaya ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa kowane bututu da sifana yana kasa kunne: lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi siririya, wanda tsatsa ta ci ta ciki a dushe yake amsawa. Ya girgiza shi, in ya ji ɓarɓashi na gudu a ciki ya gane. Sai ya shafa yatsa a ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuya, dab da mahaɗa. Keken da ya taɓa karo gaba da gaba, da rami ko kututture ko bayan mota, a nan yake ɓoye tabonsa, wani ɗan tudu da ido ba ya gani sai yatsa. Ya kifa shi ya leƙa gidan boris na feda, inda ruwa ke kwanciya. Ya duba bakin ramin sirdi ko ɗaurin ƙarfi ya tsaga shi, ya duba ƙafafun baya inda kariya ke zama. A ƙarshe ya ɗauko zare, ya ɗaura a ƙafar baya ta dama, ya zagayo da shi ta wuya, ya dawo ya ɗaura a ta hagu, sannan ya gwada tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In tazarar ba ɗaya ba ce firam ya murɗe, keken da aka haɗa a kansa zai riƙa cin taya yana jan mai shi gefe.

Sabon fenti abin tuhuma ne. Haka ma tambarin da ƙusoshinsa ke ƙyalli, domin kan zalɓe ana cire shi daga mataccen firam a buga wa wanda bai taɓa ganin Ingila ba. Masu gyara sun fi yarda da lambar da aka buga a jikin ƙarfen, kusa da ramin sirdi ko a ƙarƙashin gidan feda, da kuma kafaɗar fok: ta Raleigh bututu ce a kwance, da ɗan murfi mai lotsawa a kowane gefe.

Duk wannan ana yi ne mai kaya na ta zuba. "Wanga ƙarhen Ingila na, Alhaji. Gadon tsohonmu na, ba don lalura ba, ba ni sai da shi." Mai gyara ko ɗagowa ba ya yi: "Baba, gadon dai ya taɓa faɗawa rami." A yi dariya, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Kafin kuɗi su sauya hannu sai an kira shaida, wanda ya san keken a gidan mai shi, domin tsohon firam ba shi da rasit, kuma ba mai son a tare shi ranar kasuwa a ce keken wane ne da ya ɓace bara waccan.

Samun firam rabin aiki ne. Raleigh na Nottingham yana da wata ɗabi'a da ta wahalar da masu gyara a duk duniya. Haƙoran da ake murɗa kofin boris a kansu, a gidan feda da wuya, nasa 26 ne a kowane inci, alhali mafi yawan sauran masu ƙira sun tsaya a kan 24. Kayan gyaran da ke kasuwa yau mafi yawansu na 24 ne. Sukan shiga zagaye biyu ko uku su cije. Mai gyara mai gaggawa sai ya sa ƙarfi, ya cinye haƙoran, firam ɗin da ya rayu shekara hamsin ya mutu a hannunsa kafin shayi ya huce. Wanda ya sani kuwa yana da gwangwanin da yake tara tsofaffin kofuna da noti da kota da ya ciro daga matattun kekuna, ba ya kuma sayar da su da arha. Mai wayo in ya samu firam da kofunansa a jiki ba ya bari a jefar da su ko sun yi baƙi ƙirin. Boris kawai ake sauyawa, a cika giris.

Abin da ke fitowa daga rumfar a ƙarshe ɗan ƙasashe da yawa ne: firam na Ingila, rim da sufok da feda na Indiya, taya da tub da sarƙa na Sin, kariya kuwa ta mai waldan gari, da rodin gini. Kuɗin da aka kashe wani lokaci sun kamo na sabo.

A nan ya kamata a rage wa tsohon firam kirari. Waɗanda ake gani yau su ne suka tsira. Ragwayen cikinsu sun karye tun zamanin Gowon, an manta da su, saboda haka zaɓaɓɓun jiya ake gwadawa da tarkacen yau, kuma wannan ba adalci ba ne. Ƙarfe ma yana gajiya. Firam ɗin da ya shekara arba'in yana ɗaukar buhu, aka miƙe shi sau uku, aka gasa shi sau biyu, ba shi ne wanda ya fito daga akwati ba, kuma ranar da fok zai karye a gangare da kaya a baya ba ya sallama. Akwai sababbin kekunan Indiya masu sanda biyu da aka yi musamman don dako, waɗanda za su yi wa manomi aikin shekaru ba tare da yawon cigiya ba. Wani mai neman, rabin kuɗinsa na ƙarfe ne, rabi na sunan keken da ya ga mahaifinsa a kai. Wannan ba laifi ba ne in dai ya san abin da ya saya.

Akwai kuma na uku da ya shigo tsakani, keken gwanjo daga Turai da Japan, mai giya da birkin waya. Samari da 'yan makaranta sun fi son sa, kuma da hujjarsu: ba shi da nauyi, yana hawa tudu ba a sauka an tura ba. Amma da yawansu firam ɗin alminiyam ne, wanda in ya tsage ba ya jin wutar mai waldan ƙauye, in ya lanƙwashe kuma aka ce za a miƙe shi sai ya ƙarasa karyewa. Giyar kuwa yashi ne ajalinta, kayanta ba iri ɗaya ba, shi ya sa ake yawan ganin an cire ta an gajarta sarƙa. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi tsara keke don karkarar Afirka, da injiniyoyinta da kuɗinta, abin da ta fito da shi, Buffalo, baƙin ƙarfe ne mai nauyi, marar giya, da kariyar da aka yi don kilo 100. Ana harhaɗa shi a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya. Da dattijon Abare zai gan shi, ba zai ji baƙunta ba.

Abin da ya kusa kashe keke a ƙasar Anka babur ne. Daga farkon shekarun 2000 Jincheng ya cika kasuwa da arha, Bajaj Boxer ya biyo baya, kabu-kabu ya shiga kowane lungu. Sai ga zinariya. Farashinta ya haura dala 1,000 kowace oza a 2008, ya kai wajen 1,900 a 2011, samarin Abare da Dareta da Bagega da Sunke da 'Yargalma suka ajiye fartanya suka shiga rami. Wanda ya samu rabo, abin da ya fara saye babur ne. Abin da ya biyo baya sananne ne: dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma, a 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar, yara aƙalla 400 suka rasu, kuma Abare na cikin ƙauyuka bakwai da aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsu, kafin a kai ga Bagega a 2013. A waɗannan shekaru keke ya koma na yara da tsofaffi. Yaran masu gyara suka koma koyon aikin babur. 'Yan gwangwan suka bi ƙauyuka da sikeli suna sayen tsohon ƙarfe a kilo, ana lodawa a manyan motoci zuwa kamfanonin narkawa. Firam ɗin da ake nema ruwa a jallo yau, da yawansu sun zama rodin gini.

Abu biyu suka dawo da keke, babu mai daɗi a ciki. Na farko rashin tsaro. Babur ya zama abin hawan 'yan bindiga, ya kuma zama abin da suke ƙwacewa. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya a jihar. Ƙauyen da ba shi da gidan mai da jarka yake rayuwa. Da aka hana ta, babura suka kwanta. Na biyu, cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024, a ƙauye kuma kullum da ƙari a kan farashin gidan mai. A 2024 dala ta haura naira 1,500, sabon babur ya fi ƙarfin mutane da yawa, sabon keke ma ya yi tashin gwauron zabo. Mutane suka shiga bayan ɗaki da kusurwar zaure suna jawo abin da suka jingine.

A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, wata rana mota ta ture shi cikin kwata, aka yi ta yi masa dariya. Kiran nasa bai sa kowa ya hau ba, sai da lita ta yi magana.

Cigiyar yanzu ta fi ta da wuya. Hanyoyi da yawa ba sa biyuwa, kasuwannin ƙauye da dama ba sa cika kamar da, dubban mutanen karkara sun yi hijira zuwa cikin Anka da sauran manyan garuruwa, wasu sun bar kekunansu a gidajen da ba su koma ba. Mai nema yakan bar sallahu wurin mai gyara biyu ko uku, da direban da ke zuwa Gusau, har da ɗan gwangwan ɗin kansa, wanda ya gane cewa firam mai kan zalɓe ya fi kuɗi a tsaye da a sikeli, ya fara ware shi gefe. Wata na iya wucewa, ko damina guda.

Wanda jira ya ishe shi sai ya sayi sabo, amma ba ya ɗora masa buhu a ranar. Wurin mai gyara yake fara kai shi, a kwance shi, a cika boris da giris don masana'anta rowarsa take yi, a ɗaure sufok ɗaya bayan ɗaya har rim ya daidaita. Daga nan sai wurin mai walda: a cire kariyar kanti a sa ta rodi, a ƙara 'yan sanduna biyu daga wuya zuwa gindin fok, wani ma a ƙara masa sanda ta biyu a ƙarƙashin ta farko. Kuɗin wannan ƙarin aiki ana sa su cikin lissafi tun kafin a je kanti, kuma mai waldan kan ce wa mai keke ya dawo da shi bayan kaka a duba mahaɗar wuya, don nan ce ke fara tsagewa.